Tsayuwar Awa Tara da Cikin Wata Biyar: Muhawara a Kan Aikin Mai Juna Biyu

Mai Jiran Na Fari:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyayenmu da ma'aikatan lafiya da ke cikin wannan zaure. Cikina ya shiga mako na 21, kuma shi ne na fari. Ina aiki a sashen shirya kaya na wata masana'anta, inda nake tsaye a gaban tebur daga bakwai na safe zuwa huɗu na yamma, da hutun rabin awa kacal, kuma duk kwalin da ya cika ni nake sauke shi ƙasa, nauyinsa kilo 12. Mako ɗaya cikin uku aikin dare ne. Kwanan nan idan na cire takalmi sai in ga ya yi mini shata a ƙafa, marata kuma takan ɗaure ta saki idan yamma ta yi. Maigidana ya ce in ajiye aikin baki ɗaya, ni kuwa na san albashin nan yana cikin abin da ke riƙe da gidan. Shin aikin da mace take yi yana shafar yadda za ta haihu da lafiyar abin da za ta haifa, ko kuwa tsoro ne irin na mai cikin fari?

Hajiya Kaka:
Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya raba lafiya. Ni ciki takwas na yi, babu wanda na kwanta a kansa. Ranar da zan haifi na uku ma ina tsakiyar aiki naƙuda ta same ni, na ƙarasa abin da nake yi sannan na nemi taimako. Mu a saninmu mace mai motsa jiki ita ce haihuwa take zo wa da sauƙi, wadda ta miƙe ƙafa kuwa ita take shan wuya. Ku 'ya'yan yanzu kun cika ɗaukar ciki tamkar cuta.

Abban Yara:
Hajiya, a gafarce ni, ni ina bayan mijinta. Babu kuɗin da ya kai rai. Idan mace ta samu ciki, abin da ya fi dacewa shi ne ta zauna ta huta har Allah ya sauke ta lafiya, aiki ba ya gudu.

Ungozoma:
Kafin a shiga muhawara, ƙanwata, bari in fara da abin da ba ya jira. Ɗaurewar mara da ke zuwa jefi-jefi, ba ta da zafi, kuma tana lafawa idan kin zauna kin sha ruwa, abu ne da aka saba gani a wannan mataki. Amma idan ta riƙa zuwa a jere har sau huɗu ko fiye a cikin awa ɗaya, ko ta haɗu da ciwon baya mai tafiya yana dawowa, ko kika ga jini ko ruwa, ko kumburin ya hau fuska da hannu tare da ciwon kai mai tsanani da ganin dishi-dishi, to, ki tafi asibiti a ranar, kada ki jira ranar awo.

Sai maganar Hajiya da ta Abban Yara. Kowannensu ya riƙe wani ɓangare na gaskiya. Hajiya ta yi daidai cewa kwanciya ba magani ba ce. An daɗe ana umartar masu ciki da su kwanta a gado don gudun haihuwa kafin lokaci, amma da aka bincika ba a ga yana hana ta ba, sai ma ya jawo daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa da raunin tsoka da ƙashi. Shi ya sa a shawarwarinta na shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki lafiyayya ta samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Sai dai motsa jiki daban, tsayuwa wuri ɗaya awa tara daban. Mai tafiya tsokar ƙafarta tana matsa jini yana komawa zuciya, mai tsayuwa cak kuwa jinin taruwa yake yi a ƙasa, ga kuma nauyin mahaifa yana danne manyan jijiyoyin da ke mayar da shi sama. Shatar takalmin da ta ambata shaidar hakan ce.

Malamin Ƙididdiga:
Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, alƙaluma nake koyarwa, kuma ina so in ja hankalinmu ga wani tarko. Idan aka kwatanta matan da ke aikin albashi da waɗanda ba sa yi, sau da yawa masu aikin ne ake samu sun fi haihuwa lafiya. Mai gaggawa zai ce ashe aiki yana ƙara lafiyar ciki. Ba lallai ba ne. Macen da ke fama da rashin lafiya tun farko ba ta cika samun aiki ko daɗewa a cikinsa ba, wadda ciki ya zo mata da matsala kuma ita take fara ajiyewa, saboda haka waɗanda suka rage a bakin aiki tamkar an tace su ne. Ga kuma kuɗin shiga da ilimi da halin zuwa awo, waɗanda duk suke tafiya tare da aiki.

Wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Turai 16, aka wallafa a 2004, ya nuna wannan ƙarara. Masu aiki a dunƙule ba su fi marasa aiki haifar bakwaini ba. Amma da aka shiga cikin masu aikin aka rarrabe su, sai haɗarin ya bayyana a kan masu wuce awa 42 a mako, da masu tsayuwa fiye da awa shida a rana, da waɗanda ba sa jin daɗin aikinsu. Saboda haka, Abban Yara, ba a nan gizo yake saƙa ba. Tambayar ita ce wane irin aiki, awa nawa, kuma shin idan ta gaji tana da ikon zama ba tare da wani ya harare ta ba.

Likitan Mata:
Malam ya share mini hanya. A ciki, jinin jikin mace yana ƙaruwa da kusan rabin abin da take da shi a da, kuma idan ciki ya tsufa, abin da ke ratsa mahaifa a kowane minti ya kai rabin lita ko fiye. Da wannan jinin ɗan tayi yake ci, da shi yake numfashi. Aiki mai nauyi yana sa jiki ya karkatar da jini zuwa tsoka, zafi yana karkatar da shi zuwa fata, doguwar tsayuwa kuma tana tara shi a ƙafa. Lafiyayyen ciki yana jure wannan na ɗan lokaci ba tare da wata illa ba. Abin dubawa shi ne idan ya zama kullum, awanni masu yawa, watanni a jere.

Game da girman haɗarin, masu bincike a Jami'ar Albata ta Kanada sun tattara nazarce-nazarce masu yawa wuri guda a 2019 da 2020. Sun samu cewa aikin da ya wuce awa 40 a mako yana tafiya da ƙarin kashi 21 cikin 100 na yiwuwar haihuwa kafin cikar mako 37, aikin dare na dindindin shi ma kashi 21, aikin karɓa-karɓa tsakanin dare da rana kashi 13, doguwar tsayuwa kashi 11, ɗaga kayan da jimillarsu ta kai kilo 100 a rana kuma kashi 31. Su da kansu sun ce hujjar ba ta da ƙarfi sosai, domin babu wanda zai raba masu ciki gida biyu ya ɗora wa rabi wahala don gwaji. Ana dai lura ne da abin da ya faru.

Kada alƙaluman su firgita kowa. A duniya kusan jariri ɗaya cikin goma ne ake haifa kafin lokaci, wato kimanin miliyan 13.4 a shekarar 2020. Ƙarin kashi 21 yana nufin a maimakon mata 10 cikin 100, sai ya zama 12. Ga mace ɗaya, mafi rinjayen zato shi ne za ta kai lokacinta lafiya. Ga al'umma kuwa, biyu cikin ɗari jarirai ne masu ɗimbin yawa. Abin da ya sa na tsaya a kan saƙon ƙanwarmu shi ne nata ba ɗaya ba ne: tsayuwa, da ɗaga kaya, da karɓa-karɓar dare, duk a kanta. Idan kwalin kilo 12 ne, sauke tara kawai ya haye kilo 100, kuma na tabbata tana wuce tara kafin azahar.

Mai Jiran Na Fari:
Likita, wata rana na ƙirga, 40 na sauke.

Hajiya Kaka:
To, ni dai waɗannan lissafe-lissafe ban san su ba. Amma tunda likita ya yi maganar bakwaini, gaskiya ɗaya ce, cikin takwas ɗin da na faɗa shida ne suka rayu. Ɗaya ya zo wata bakwai, kwana huɗu ya yi. Ɗayar kuwa ta cika wata tara amma ƙanƙanuwa ce, da hannu ɗaya nake ɗaukarta, ba ta kai arba'in ba. Dukansu a shekarun da aiki ya fi yi mini yawa ne, abinci kuma ya yi ƙaranci. Ban taɓa haɗa abin da aikin ba, kuma har yanzu na bar shi a kan kwana ya ƙare.

Ungozoma:
Allah ya sa masu ceto ne, Hajiya. Ba wanda zai iya cewa ga dalilin waɗannan biyun, kuma ba ki da laifin komai. Amma abin da kika faɗa na haɗuwar aiki da ƙarancin abinci, masana sun gan shi. A Addis Ababa ta ƙasar Habasha, wani bincike na 1980 ya nuna cewa a cikin matan da ba sa samun isasshen abinci, masu aikin ƙarfi sun fi haifar jarirai marasa nauyi fiye da masu aiki mai sauƙi. A karkarar Gambiya kuma an shafe shekaru ana auna jarirai, ana ganin nauyinsu yana faɗuwa da damina, lokacin da aikin gona ya kai ƙololuwa rumbu kuma ya yi ƙasa. Da aka riƙa ba masu ciki ƙarin abinci mai ƙarfi kullum, sakamakon da aka wallafa a 1997 ya nuna nauyin jarirai ya ƙaru da gram 136 a matsakaici, da damina kuwa ya kai kusan 200. Ga jaririn da ke gab da kilo biyu da rabi, wanda shi ne iyakar da ake cewa nauyi ya gaza, gram 200 ba abin wasa ba ne.

Wannan magana ta hutu ma tsohuwa ce. Kahon nan da muke ɗorawa a ciki mu saurari bugun zuciyar jariri, sunan wani likitan Faransa yake ɗauke da shi, Adolphe Pinard. Shi ne a 1895 ya nuna cewa matalautan matan da suka samu mafaka suka huta kafin haihuwa a birnin Paris sun fi haifar jarirai masu nauyi fiye da waɗanda suka yi ta aiki har naƙuda.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ina so in ƙara abu biyu da suka shafe mu masu kwana a bakin aiki. A ƙasar Danmak an bi takardun albashin mata 22,744, akasarinsu ma'aikatan asibiti, don a san ainihin daren da kowace ta yi aiki, ba abin da ta tuna ba. An samu cewa bayan mako na takwas, wadda ta yi dare biyu ko fiye a makon da ya gabata tana da ƙarin kashi 32 cikin 100 na haɗarin ɓari. Ana zaton hasken dare yana rage sinadarin melatonin da jiki ke fitarwa cikin duhu, wanda yake ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi.

Na biyu, akwai aikin da nauyinsa ba a kafaɗa yake ba. Mai haɗa magungunan cutar daji, da mai aiki kusa da na'urar ɗaukar hoton ƙashi, da mai shaƙar iskar sa barci a ɗakin tiyata, da mai feshin maganin ƙwari, da mai mu'amala da dalma a wurin gyaran batir ko narka ƙarfe, duk suna iya zama a kan kujera mai laushi alhali haɗarinsu ya fi na mai tsayuwa. Dalma tana ratsa mabiyiya kai tsaye. Kuma gaɓoɓin jariri a makonnin farko ake halittarsu, lokacin da mace ba ta ma sanar da kowa ba, wani lokaci ita kanta ba ta sani ba. Na taɓa ɓoye cikina wata uku a wani wurin aiki don tsoron kada a ƙi sabunta mini kwantiragi, ina shiga inda bai kamata in shiga ba. Allah ya kiyaye, amma ba dabarata ba ce.

Mai Ƙaramar Masana'anta:
Ku bar ni in yi magana a matsayin wanda ake biyan albashi daga aljihunsa. Ma'aikata 14 gare ni, tara mata ne. Kujera ba ta gagare ni ba, hutun minti goma ma haka. Amma idan aka ce in cire mace daga dare, in hana ta ɗaga kaya, in biya ta watanni tana gida, in kuma ɗauki wata a madadinta, ni kaɗai, to wallahi abin da zai faru shi ne irina za su daina ɗaukar matan aure, su yi shiru ba su faɗi dalili ba. Wannan ba zai amfani kowa ba.

Lauyar Ƙwadago:
Alhaji, ƙorafinka yana kan hanya, kuma waɗanda suka tsara dokar sun hango shi. Yarjejeniya mai lamba 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta tanadi hutun haihuwa na aƙalla mako 14, shida daga ciki dole bayan haihuwa, da biyan abin da bai gaza kashi biyu cikin uku na albashi ba. Amma ta ce kuɗin ya fito daga asusun inshorar ma'aikata ko baitulmali, kada a ɗora shi a kan mai ba da aiki shi kaɗai, daidai saboda abin da ka faɗa. Ta kuma haramta korar mace saboda ciki, ta hana tilasta mata aikin da aka tabbatar yana cutar da ita ko ɗanta. Yarjejeniyar farko a kan wannan batu tun 1919 aka yi ta. Matsalar ita ce ƙasashen da suka rattaba hannu a ta 2000 ba su kai rabin ƙasashen duniya ba, kuma ko a inda doka take, ba ta san da mai noma ko mai talla ko 'yar aikin gida ba. Wadda ke ɗauko jarka mai lita 20 tana ɗauke da kilo 20 ne, sau nawa a rana, kuma babu wani shugaban sashe da za ta kai wa takardar likita.

Abban Yara:
To ai duk abin da kuka faɗa ya dawo kan maganata. Tunda akwai haɗari, ta ajiye.

Likitan Mata:
A'a, Abban Yara, akwai abin da ke tsakanin ajiyewa da ci gaba yadda ake. A lardin Kwibek na Kanada doka ta ba mai ciki damar neman a sauya mata aiki, idan babu kuma a sallame ta gida da biya. Wannan ya ba masu bincike damar kwatanta waɗanda aka gyara wa yanayin aiki da waɗanda ba a gyara wa ba. A sakamakon da suka fitar a 2006 da 2007, haɗarin haifar ƙaramin jariri ko bakwaini yana hawa gwargwadon yawan wahalhalun da suka taru a kan mace, amma waɗanda aka cire musu su kafin mako na 24, haɗarinsu ya dawo kusa da na waɗanda ba su taɓa fuskantarsu ba. Ƙanwarmu tana mako na 21.

Kuma ka tuna rasa albashi shi ma yana da nasa tasirin a kan ciki. Idan ajiye aiki zai sa abinci ya ragu, a fara tsallake awo, damuwa ta hana barci, to an gudu ne ba a tsira ba. Macen da ta bar masana'anta ta dawo gida ta tarar da wanki da ɗiban ruwa da hidimar mutum goma suna jiranta, ban ga hutun da ta samu ba. Magidancin da ke son matarsa ta huta, akwai rabonsa a nan.

Maman Bakwaini:
Na daɗe ina karantawa ban yi niyyar magana ba. Ɗana a mako na 31 ya zo, kilo ɗaya da gram 400, ya yi mako biyar a kwalba, hannunsa bai fi babban yatsana ba. Koyarwa nake yi, ina tsaye gaban allo yini guda. Yanzu shekararsa uku yana gudu ko'ina, amma har gobe idan na ga irin waɗannan alƙaluma sai zuciyata ta ce ni na jawo. Kafin shi ma na yi ɓari na wata biyu, a makon jarrabawa.

Likitan Mata:
'Yar'uwa, ki saurare ni da kyau. Kusan rabin ɓarin watannin farko daga matsalar ƙwayoyin halittar ɗan tayin ne tun ranar da aka yi cikin, wanda babu hutun da zai gyara shi. Haihuwa kafin lokaci kuwa, mafi yawanta ba a gano takamaiman dalili, kuma inda aka gano, ciwon sanyi na mahaifa ko na mafitsara, da hawan jini, da tagwaye, da gajartar bakin mahaifa, duk sun fi tsayuwa ƙarfi nesa ba kusa ba. Alƙaluman da na kawo suna magana ne a kan dubban mata a dunƙule, ba za su iya nuna mace ɗaya su ce ga abin da ya same ta ba. Amfaninsu a teburin mai tsara jadawalin aiki yake. Abin da ya shafe ki kai tsaye shi ne, wadda ta taɓa haifar bakwaini tana da ƙarin yiwuwar maimaitawa, saboda haka idan Allah ya kawo wani cikin ki fara awo da wuri, ki faɗi tarihin nan a zuwan farko, ki kuma faɗi irin aikinki ko ba a tambaye ki ba.

Mai Jiran Na Fari:
Na gode ƙwarai, iyayena da 'yan'uwa. Jiya na je awo, jinina daidai yake, an duba bakin mahaifa an ce a rufe yake. Na yi wa shugabar sashenmu magana, ta sa an kawo mini doguwar kujera, wani abokin aiki kuma ya karɓi sauke kwali, ni na karɓi liƙa masa takardun shaida. Maganar dare ce ta ce ba ta da iko a kai sai da takardar likita, kuma mako mai zuwa ni ke da aikin dare. Me ya kamata takardar ta ƙunsa? Ina tsoron kada a rubuta abin da zai sa a ce ba zan iya aiki ba sam.

Ungozoma:
Tsoronki yana kan hanya, domin takardar da ta ce "a sauƙaƙa mata aiki" kawai, kowa yana fassara ta yadda ya ga dama. Ki roƙi likitan ya fara da cewa kina da lafiyar ci gaba da aiki, sannan ya ambaci abubuwan ɗaya bayan ɗaya: aikin rana kawai har ki haihu, kada awanni su wuce 40 a mako, damar zama da tashi yadda kika buƙata, ruwan sha a kusa da izinin zagayawa ba tare da neman alfarma ba, da iyakar nauyin da za ki ɗaga a rubuce da lamba. Ya sa ranar da ake sa ran haihuwa da ranar da za a sake duba takardar, domin abin da kike iyawa a mako na 22 ba shi za ki iya a na 34 ba. Ki yi kwafi biyu, ki sa a buga miki hatimin karɓa a kan naki. Kujerar kuma kada ki manne a kanta yini guda, duk rabin awa ki miƙe ki ɗan taka, kuma ki nemi abin ɗora ƙafa, ko da kwalin da babu komai a ciki ne.